Asibi Mai Banda da Sunan Mijinta

Shekara goma sha ɗaya muka yi muna katanga ɗaya da Asibi a Yelwa, ni ina koyarwa a firamare, ita tana bandar kifi a bayan gidanta. Duk tufafin da na shanya a shekarun nan sai da suka ɗauki ƙaurin hayaƙinta. Gajeriya ce mai faɗin kafaɗa, idanunta kullum jajaye. Da safe ba ta cika magana ba, sai ta je kasuwa ta sayar da abin da za ta sayar ta dawo, sannan bakinta ke buɗewa, ta leƙo ta kan katanga ta ce, "Malama, kina ciki?"

Bagungiya ce, 'yar ƙabilar mutanen tsibiran kogi. A tsibiri aka haife ta, ɗaya daga cikin waɗanda ruwa ya cinye da aka datse kogi a Kainji. Tana amarya aka kwashe su aka kai su tudu, aka ba su ɗakunan siminti da ba a iya zama cikinsu da rana. Mijinta Tamada ya yi damina biyu yana gwada noman tudu, abin bai karɓe shi ba, sai ya kwaso ta suka dawo Yelwa. Ya yi wa Sarkawa masunta aikin jan taru shekara huɗu kafin ya samu jirgin kansa. Ita kuma ta gina murhun banda. Sun haifi 'ya'ya huɗu, ɗaya ce ta rayu, Rahamatu, wadda daga baya ta yi aure a Shanga.

Da a nan labarinta ya tsaya, da ba wanda zai san ta sai masu sayen kifi. Amma a 1979 wani malamin sakandare mai suna Gideon, mutumin wajen Wara, ya rubuta wa ɗalibansa wasan kwaikwayo na binciken kisan kai. Wasu ma'aikatan majigi daga Sakkwato suka gani, suka ce za su ɗauke shi a fim, amma a kan ruwa na gaske. Suka nemi mai jirgi, aka haɗa su da Tamada. Tuƙi kawai aka ɗauke shi yi. To, malamin da aka ba matsayin masunci bai iya tsayuwa cikin kwale-kwale ba. Rana ɗaya sau biyu yana faɗawa ruwa, a na biyun har gilashin idonsa ya tafi. Gideon ya dubi Tamada ya ce ko zai gwada. Ya gwada, aka ga ya fi kowa. Matsalarsa ɗaya, in an kira shi da sunan da ke rubuce a takarda ba ya waiwayowa. Sai aka bar masa sunansa. Asibi kuwa abinci take kawo musu bakin ruwa, aka ce ai ga matar masunci nan ta gaske, me ake nema kuma. Ita ma aka bar mata nata sunan.

Sunan fim ɗin "Gawa a Taru". Masunci ya ja tarunsa da safe, sai ga gawar wani akawun awo an ɗaure ƙafafunta da igiya. 'Yan sanda suka kama masuncin. Matarsa ce ta fara gano bakin zaren, shi kuma da aka sake shi ya bi sawun mai laifin har ya kama shi, ashe wani mai motocin ɗaukar kaya ne da akawun ya gano yana fasa-ƙwauri.

Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne wurare biyun da suka fi kama zuciya a fim ɗin ba Gideon ne ya rubuta su ba. A takardarsa, hankicin mai laifin ne aka tsinta a bakin ruwa. Asibi tana zuba miya ta ji ana karantawa, ta yi dariya ta ce wane hankici ne zai kwana uku a bakin kogi bai tafi ba. Ta ce su dubi igiya mana. Ɗan ruwa da ƙullinsa, mai ɗaure kaya a mota da nasa, ko makaho ya shafa zai bambance. Nan take Gideon ya soke hankici. Na biyun kuma na Tamada ne. A ƙarshen fim mai laifin yana gudu a jirgin inji, masunci yana da filafili kawai. Ta yaya zai cim masa? Tamada ya ce ba sai ya cim masa ba, zai dai sa shi ya biyo shi. Ya kai su inda garinsu yake a da, inda kututturen itatuwa ke tsaye a ƙarƙashin ruwa, ya ratsa tsakaninsu da kwale-kwale kamar yana bin hanyar gidansu, don hanyar gidansu ce. Jirgin injin ya biyo shi, farfelarsa ta sarƙe.

Motar majigi ta yawata da fim ɗin filin makaranta zuwa filin makaranta, daga Yelwa har Ngaski da ƙauyukan Shanga. Ni kaina sau uku na gan shi ina budurwa. Shekaru bayan nan, in ana ciniki a kasuwa mutum ya ga an yi masa dabara, sai ya ce, "Saje, wanga ƙulli ba na ɗan ruwa ba ne," yadda Asibi ta faɗa wa sajan 'yan sanda a fim. Fim ɗin bai canza wa Tamada da Asibi rayuwa ba. Tamada ya koma kamun kifi da ƙetarar da mutane, ita ta koma murhunta. Ciwon ƙirji ya kashe shi a 1990, shekara guda kafin a ba mu jihar Kebbi, ƙanensa Arzika ya gaji jirgin.

A ƙarshen daminar 1996 wata farar bas ta tsaya a ƙofar gidanta. Wanda ya fito saurayi ne da bai wuce talatin ba, sunansa Aminu, mai shirya finafinan bidiyo ne a wani babban birni can gabas. Ya durƙusa har ƙasa ya gaishe ta.

"Inna, ina ƙarami na ga fim ɗinku, babana yana aiki a nan lokacin. Har yau ban manta ba. Yanzu zamanin kaset ne, yaran yanzu ba su san shi ba. So muke mu sabunta shi, a san ku ko'ina. Malam Gideon ma ya sa mana hannu."

Ban taɓa ganin Asibi cikin murna irin ta ranar ba. Ta kira ni in zo in ga baƙinta. Kwana uku tana ba shi labari, yana rubutawa a ƙaramin littafi. Ta ɗauko igiya ta ƙulla masa ƙulli biyun, ta kwance, ta sake ƙullawa har ya iya. Ta sa Arzika ya bar kamun kifi ya kai su wurin kututturen. Ta dafa musu giwan ruwa, kifin da ita kanta ba ta ci sai da salla. Suka yi ɗauka kwana biyu, yawanci a bakin gaɓa, wata yarinya mai jan baki tana zaune a jirgi tana taɓa ruwa da yatsa. Ranar da za su tafi Asibi ta tambaye shi wa zai fito a Tamada.

"Yana can birni, Inna. Can za mu ɗauki nasa."

Da motar ta tashi ta ce mini, "Malama, wanda za shi zama Tamada ko ruwan bai zo ya gani ba."

Kaset ɗin ya iso da bazara. Mustapha ne ya fara kawo shi, mai gidan kallo da hayar kaset a bayan tasha, rumfar kwano ce da benci takwas da janareta. Ba wanda ya zo ya gaya wa Asibi. A kasuwa ta fara ji. Wasu masunta sun sauko da kwanduna, sai 'yan kabu-kabu suka hau tangaɗi kamar mashaya suna cewa, "Tamada, a ƙaro ƙwarya." Ana ta dariya. Ta tsaya da tirenta a ka ba ta gane ba. Da yamma Arzika ya shigo fuska a ɗaure, ya ƙi zama, ya ce mata abu ɗaya yake roƙo, kada ta je ta kalla.

Washegari da hantsi ta leƙo ta katanga ta ce in sa mayafina. Asabar ce, ba makaranta. Mata ba sa shiga gidan Mustapha, da ya gan mu sai ya rasa inda zai sa kansa. Ya ce mai ya ƙare a janareta. Ta ce za ta jira. Ya ce kaset ɗin na hannun wani. Ta nuna masa shi a kan tebur, ga hoton jirgin Arzika a bangonsa. Ya kunna.

An buɗe da taru da gawa, kamar na da. Daga nan komai ya juye. Wanda labarin ke kansa yanzu wani sufeto ne daga birni, mai baƙin gilashi da babur, yana dukan mutum biyar shi kaɗai ba tare da hularsa ta faɗi ba. Yarinyar mai jan baki budurwarsa ce, sau uku ana tsayar da bincike su shiga lambu su yi waƙa. Sai ga masunci. An shafa masa gawayi a fuska, an sa masa tsumma, yana rungume da ƙwaryar burkutu, yana wata gurguwar Hausa da ba Bagungen da ya taɓa yin irinta. In an tambaye shi komai sai ya ce a ƙaro ƙwarya. Sunansa Tamada. Matarsa kuma wata mafaɗaciya ce mai bin sa da muciya, ita ma Asibi.

Ina satar kallon ta, tana zaune a bencin gaba hannayenta a kan gwiwa, ko motsi. Da aka zo wurin igiya, sufeton ya cire gilashinsa ya dubi ƙullin ya ce wannan ba na masunci ba ne. Ƙullin kuwa da aka nuna na masunta ne sak, wanda ta koya wa Aminu da hannunta, sun musanya su. A nan ne kawai ta yi tsaki. Babu kututture, babu filafili. A mota aka yi tseren, cikin titunan birni. Ƙarshe dai aka gano mai motocin shi ya ba da umarni, amma wanda ya shaƙe akawun ya jefa shi ruwa Tamada ne, don a saya masa giya. Aka nuna shi a durƙushe yana kuka yana kama ƙafar sufeto.

Mustapha ya kashe talabijin. Asibi ta miƙe a hankali.

"Mustapha, ka san Tamada?"

"Na san shi, Inna. Shi ya ƙetarar da mu ranar bikin yayata."

"Ka taɓa ganin shi da ƙwarya a hannu?"

"A'a. Amma Inna, fim ne kawai."

"Da sunan ubanka anka sa, da fim ne kawai?"

Ta juya masa baya. Muka fito.

Zan faɗi nawa a nan, don har yau in na tuna raina yana ɓaci. Ba sake fim ne laifi ba. Labari na kowa ne, wanda ya ga zai iya ya gwada. Amma mutum ya zo gidanka, ya ci abincinka, ka buɗe masa abin da ya rage maka na mamacinka, ya tafi ya ɗauke hankalin da ke cikin labarin ya ba wani baƙo mai gilashi, ya bar muku wauta da laifi, kuma ya bar sunan a kai. Da ya canza suna da da sauƙi. Tamada ba sunan da ake ji ko'ina ba ne. A Yelwa in ka ce Tamada mutum ɗaya kake nufi, kabarinsa na nan bayan gari. Asibi ba ta ɓoye mini ba, ta ce ya sha burkutu yana saurayi kamar sauran samarin tsibirinsu, ya bari tun kafin ya aure ta, bai ƙara ba har ya mutu. Ta ce ko da ma yana sha, shi ya kashe akawu?

Gari kuwa ya rabu biyu. A ofishin malamai na makarantarmu sati guda ba a yi wata hira ba. Matasan cikinmu suka ce sabon ya fi, ga kala, ga faɗa, ga waƙa, wannan shi ne ci gaba. In ka tambaye su ko sun ga na da, sai su ce ai an ba su labari, majigin gwamnati ne mai sa barci. Manya kuma suka ce na da ba a yin kamarsa, amma garin yabo sai suka riƙa ƙara masa abin da babu. Wani mai sayar da albasa ya rantse Tamada ya yi kokawa da kada a ciki. Wani ya ce jirgi bakwai aka kifar. Wannan ma ya ba Asibi haushi.

"Babu kada," in ji ta. "Su ma ba su tuna shi. Waɗancan ba su gani ba, waɗanga sun manta, ni kaɗai anka bari da gardama."

Abin da ya fi ci mata rai shi ne kalmar ta bi bakin ruwa. Duk masuncin da ya yi tuntuɓe Tamada ne. Rahamatu ta aiko daga Shanga cewa har can an fara, matan gidansu suna tambayarta wai da gaske babanta haka yake.

Sai ta ce mu je Wara. Muka shiga motar kasuwa ranar Lahadi, muka sami Gideon ya dawo daga coci. Ya yi ritaya, yana noman dawa, ido ya fara yi masa nauyi. Da ya ji muryarta ya gane ta. Tun kafin ta zauna ya ce ya san abin da ya kawo ta.

"Na gani, Asibi. Rabi na kalla na fita. Yaron nan ya zo da takarda, ya ce izini ne kawai. Ban ce ya nuna mini abin da ya rubuta ba. Daɗi na ji an tuna da ni, shi ke nan. Laifina ne."

"Awo, laifinka ne," in ji ta. "Ni ma da nawa, ni na dafa musu kifi. Ba wannan ya kawo ni ba. Ina namu yake?"

Ya shiga ɗaki ya daɗe, ya fito da gwangwanin biskit. A ciki akwai kaset naɗe da tsohon ɗankwali. Wani tsohon ɗalibinsa da ya yi aiki a Sakkwato ne ya juyo masa shi shekarun baya. Gideon ba shi da bidiyo, bai taɓa kunna shi ba, bai ma san ko yana yi ba. Ya ce ba zai ba mu mu tafi da shi ba, zai dai biyo mu da kansa.

Mustapha bai so ba. Ya ce masu kallonsa za su watse. Arzika ya je da masunta shida suka tsaya a ƙofar rumfar, ba su ce komai ba sai gaisuwa, suka yi ta gaishe shi har ya yarda. Aka sa ranar kasuwa bayan azahar. Asibi ta ce sharaɗinta ɗaya, a fara nuna sabon, sannan nasu, kowa ya gani da idonsa ya daina ji a bakin wani.

Rumfar ta cika har waje, aka ɗage zanan gefe. Mata sun zo ranar, yawanci masu banda, suka zauna bayanmu. Aka yi sabon, samari suna bin waƙoƙin da baki. Da Tamadan ƙarya ya fito wasu suka fara dariya, suka waiwayo suka ga Asibi, dariyar ta ragu amma ba ta mutu ba. Sannan Mustapha ya hure kaset ɗin Gideon ya tura.

Ba zan yi ƙarya ba, farkonsa bai yi mana daɗi ba. Hoton fari da baƙi ne, yana rawa, layuka suna hawa suna sauka. Muryar kamar daga cikin tulu. Da saje ya fito da gajeren wando da doguwar safa rumfar ta kwashe da dariya. Akwai inda aka yi minti biyar Tamada yana tuƙi kawai, ba magana, ba kiɗa. Mutum goma sha wani abu suka tashi suka fita, ɗaya yana cewa shi ya ga ruwa yau da safe. Na ji kunya ta kama ni kamar ni na yi fim ɗin. Gideon ya sunkuyar da kai.

Asibi ba ta ga ko ɗaya daga cikin wannan ba. Shekara bakwai rabonta da fuskar mijinta, ba ta da hotonsa ko ɗaya. Ta matsa gaba har gwiwarta na taɓa teburin talabijin.

Da aka zo wurin igiya sai ga ta a allo, siririya, da goyon Rahamatu. Ta juya ƙullin a hannu ta faɗi maganar nan tata. Tsofaffin da ke wurin suka faɗa tare da ita. Wani direban babbar mota da ke tsaye a baya ya ce, "Wallahi namu ne, haka muke ɗaure buhu." Daga nan aka daina fita. Da aka shiga cikin kututture kuwa, masunta suka karɓe rumfar. Wannan ya ce ga tsamiyar kasuwa, wancan ya ce a'a, tsamiyar tana hagu, wannan ɗorawar gidan sarkin ruwa ce. Arzika yana ta karkata jiki yana bin kwale-kwalen yayansa. Da farfela ta sarƙe, jirgin injin ya juya a wuri ɗaya, sai da benci ya faɗi don tashin mutane.

Bayan an gama gardama ta tashi, ta fi ta da zafi, sai dai yanzu kowa ya san abin da yake faɗa. Wasu suka ce na da ya fi hankali, sabon ya fi kyan gani. Wani ya ce da za a ɗauki tseren na da a sa cikin sabon, da an gama. Wani malami abokin aikina ya tsaya kan bakansa, ya ce shi dai ba zai sake zaman kallon mutum yana tuƙi ba. Garba, ɗan kabu-kabun da ya fi kowa iya tangaɗin nan a kasuwa, ya zo ya tsuguna gaban Asibi.

"Inna, in faɗi gaskiya? Sabon ya fi daɗin kallo. Naku kamar ana jiran jirgi ya cika. Amma ni ban san mutum ne na gaske ba. Na zaci suna ne anka ƙaga."

"To yanzu ka sani."

Garba ya daina. Wasu suka daina. Da yawa ba su daina ba, don waɗanda suka shiga rumfar Mustapha ranar ba su kai ɗari biyu ba, kaset ɗin Aminu kuwa yana kowane gari.

Ta sa na rubuta wa Aminu wasiƙa a adireshin da ke bangon kaset. Shafi uku ta faɗa, na rage zagin na bar biyu. Ba amsa. Sai bayan wata biyar ga farar bas ta dawo, wai fim ya karɓu, za a yi kashi na biyu, ana son jirage. Suka sauka bakin ruwa suka tarar ba mai jirgin da ke da lokaci. Wannan zai je ɗaga kalli, ragar da ya kafa a ruwa, wancan jirginsa na yoyo. Har masu jirgin inji da ba su taɓa shiri da Arzika ba suka ce injinsu ya lalace. Da rana ta take Aminu ya gane, ya zo gidan Asibi. Tana kan murhu, ba ta ba shi tabarma ba. Ina jin su ta katanga, na zagayo.

"Inna, na samu wasiƙarki. Ki yi haƙuri. Ba da mugun nufi na yi ba. Masu sayen kaset a birni ba za su zauna su kalli masunci yana tunani ba. Dole a sa jarumi, dole a sa mai ban dariya. In ban yi haka ba ba mai karɓa."

"Ka sa mai ban dariya. Mi ya hana ka ba shi sunanka?"

"Sunan ne mutane suka sani, Inna. Don girmamawa na bar shi."

Ta juya kifin da ke kan wayar murhu ɗaya bayan ɗaya, sai da ta gama layin sannan ta dube shi.

"Ka ci tuwona kwana uku. Ko sau ɗaya ka ji na yi Hausa irin wadda ka sa a bakin mutumin nan? Ka ga Arzika da gawayi a fuska? Ka zo ka gan mu da idonka, ka koma ka yi abin da kake zato tun ba ka zo ba. To mi ya kawo ka?"

Ya ce zai rubuta a farkon kashi na biyu cewa sunayen ba na kowa ba ne. Ta ce masu yi mata dariya a kasuwa ba karatu suke tsayawa yi ba. Ya ce zai sa ta a fim ɗin, ta fito a uwar sufeto. Ta ce ya tashi hayaƙi na shiga masa ido. Na ga alamar abin ya dame shi da gaske, amma bai ce zai janye na farkon ba, ita ma ta lura bai ce ba.

A wani tafki can wajensu suka ɗauki kashi na biyu. Waɗanda suka gani sun ce babu masunci a ciki ko ɗaya. Gideon ya koma Wara da gwangwaninsa. Tsokanar bakin ruwa ta yi shekara guda tana raguwa, har wani fim ya zo da wata kalma 'yan kabu-kabu suka koma kanta.

A 1999 likita ya ce in ba ta bar hayaƙi ba za ta rasa idon hagu. Rahamatu ta zo ta tafi da ita Shanga, aka sayar da gidan. Na je gaishe ta sau biyu. A zuwa na biyu na tarar mijin Rahamatu ya sayi bidiyo, yaran gida da na maƙwabta sun cika falo, ita tana waje a inuwa tana gyaran wake. Ta tambaye ni mutanen unguwa ɗaya bayan ɗaya, wa ya haihu, wa ya rasu. Can ta ce, "Mustapha har yanzu shina ba da hayar kaset ɗin nan?"

Na so in ce a'a. Na ce yana bayarwa, amma ba a cika nema ba.

"Ki ce mishi ban yafe ba," in ji ta. "Shi da mai farar mota duka. In Allah ya sa na yafe, zan aiko a gaya musu."

Na isar da saƙon ga Mustapha yadda ta faɗa. Aminu kuwa ban san inda zan same shi ba.